Ni kaɗai ke tuna komai na gida, yaya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, don Allah ku ba ni shawara. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, yarana uku. Aikin gida bai gagare ni ba, ina da mai taya ni, Abban yara ma yana kamawa in na roƙa. Tunanin ne ke cin raina: ranar rigakafin auta, kuɗin Islamiyya, gas ya kusa ƙarewa, gudummawar bikin danginsa. Ko ina aikin dare, hankalina na gida. Na rubuta jadawali na manna a jikin firij, amma sai na ce a duba ake dubawa. Ku da kuka shawo kan wannan, yaya kuka damƙa wa maigida wani ɓangare kacokan, ya riƙa tunawa da kansa, ba tare da ya ɗauka raini ba ne?