Borin kuturta: da me kuke auna tsananinsa?

Ƙanwa (Asawase): Salamu alaikum 'yan zaure. Akwai mara lafiya a wurinmu da ke kan maganin kuturta, tabban fatarsa sun kumbura sun yi jajir, gwiwar hannu na masa zugi. Ta yaya kuke gane ko wannan borin, wato kumburin da garkuwar jiki kan tayar wa mai kuturta, mai tsanani ne?

Anti Nas (Aboabo): Wa'alaikumus salam ƙanwata. Borin nau'i biyu ne, ga alama wannan na 1 ne, mai kumbura tabban fata da jijiya. Kar jan fatar ya ɗauke miki hankali, jijiya za ki bi. Lalubi ta bayan gwiwar hannu, ta gefen gwiwar ƙafa, da ta bayan idon sawu. Ta yi kauri? Yana zabura in kin taɓa? Sannan ya runtse ido, ya ware ƙaramin yatsa, ya ɗaga ƙafa kina dannewa. Ki rubuta: da ƙarfi, da rauni, ko ta shanye.

Baba Dokta: Haka ne, Hajiya. A ƙara da gwajin ji a tafin hannu da tafin ƙafa. In babu zaren nailan na gwaji, bakin biro ya wadatar, a taɓa a hankali idonsa a rufe. Ni dai na fi tsoron wanda ba ya kukan komai alhali ji yana tafiya. Rauni ko rashin ji da bai wuce wata 6 ba, mai tsanani ne, maganin rage kumburi na prednisolone yake so.

Yaya (Tafo): Baba, nau'i na 2 fa, mai ƙuraje masu zafi da zazzaɓi?

Baba Dokta: Wannan nemi takardar ENLIST, ma'aunin tsananin nau'i na 2. Abubuwa 10 ne, har da zafi, zazzaɓi, yawan ƙuraje, kumburin gaɓoɓi da kaluluwa, kowanne maki 0 zuwa 3. Daga 9 zuwa sama ya wuce mai sauƙi. Amma in ido ya yi ja ko maraina suka kumbura, a bar lissafi a tura shi. Asibitin kuturta na Ankaful, kusa da Cape Coast a Ghana, sun daɗe a wannan aikin.

Anti Nas (Aboabo): Kafin prednisolone a duba suga da tarin fuka, a ba da albendazole, maganin tsutsar ciki. Kuma don Allah kar ya ajiye maganin kuturtar, dangi sukan ce shi ne bai karɓe shi ba.

Ƙanwa (Asawase): Allah ya saka da alheri. Anti, in kina da takardar zanen hannu da ƙafa ta rubuta sakamakon gwajin ji, turo min hotonta kafin gobe.