Ma'ajiyar bayananmu tana nauyi da hantsi, na kasa gano dalili

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kula da sabar (server) kamfanoni. Don Allah ina neman taimakonku.

A wurin aikinmu muna da ma'ajiyar bayanai ta ZFS (tsarin adana fayiloli a kan faifai), faifai takwas a tsarin RAIDZ2 (wanda ko faifai biyu sun mutu bayanai ba sa ɓacewa), kuma a kanta rumbun bayanan kuɗi yake. Kullum da hantsi, idan ma'aikata suka hau aiki, sai komai ya yi nauyi, buɗe fayil ɗaya ma sai an jira. Na duba lafiyar faifan da manhajar smartctl, babu wanda ya nuna lahani. Amma umarnin zpool iostat -vl, mai auna saurin kowane faifai, yana nuna faifai ɗaya yana jinkirin amsawa fiye da sauran, ba kullum ba, wanda shi ne ya fi damuna.

Ga kuma ma'ajiyar ta cika kashi 84 cikin ɗari, tsofaffin sinafshot (hoton yadda bayanai suke a wani lokaci da ya wuce) sun cinye wuri mai yawa, na kuma san ZFS kan rage gudu idan ta kusa cika.

To, cikar ce matsalar, ko faifan nan ne ya fara mutuwa? Kuma wane ma'aunin jinkiri kuke sa wa Zabbix, tsarin sa ido kan na'urori, don ya yi ƙararrawa da wuri? Na gode, Allah ya saka da alheri.