Ƙwai ya maƙale wa kaza: a fasa shi a ciki ko kuwa?

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Wata sagarata ce tun jiya da yamma take yunƙuri, ƙwai ya ƙi fitowa. Ta daina cin abinci, tana tsayawa a miƙe wutsiya ƙasa, ta shiga akurki ta fito ba komai. Me zan yi mata?

Dattijo: Wa alaikumus salam. Yarinya, kada ki ɓata lokaci. Ki ɗura mata cokalin mai a baki, in an jima bai fito ba, ki matsa cikin da yatsu ƙwan ya fashe, zai zubo da kansa. Ƙwai ɗaya bai kai kaza ba.

Hajiya mai kaji: Haba Baba, a fasa kuma? Ɓawon ƙwai fa in ya tarwatse kaifi gare shi kamar kwalba. Yana yanka mahaifar kazar daga ciki, gwaiduwa ta zube a inda bai kamata ba, wurin ya ruɓe. Garin neman gira sai a rasa ido.

Dattijo: Hajiya, na yi da hannuna, kazar ta tashi har ta yi kwanci bayan nan. Ba labari aka ba ni ba.

Hajiya mai kaji: Ban ƙaryata ka ba Baba, Allah ne ya yi da sauran kwananta. Ni ma na taɓa yi, tawa kwana 3 ta yi tana zubar da ruwa mai wari, ta mutu.

Likitan dabbobi: Baba, da girmanka, bari in fara da man. Hanyar abinci daban, hanyar ƙwai daban, ba sa haɗuwa sai a bakin dubura. Man da aka ɗura ta baki hanji zai bi, ba zai taɓa ƙwan ba, kuma kazar da ta galabaita tana iya shaƙe shi ya shiga huhu. In za a sa mai, a bakin dubura ake shafawa. Shi kuma fasawa, gaskiya mu ma muna yi in komai ya ƙi, amma da allura ake fara zuƙe ruwan ƙwan, sannan a lotsa ɓawon a hankali a fitar da shi, a bi da magani. Wannan daban yake da matse ciki da hannu.

Dattijo: To ai ka ga, kun dawo kan maganata. Fasawa dai fasawa ce.

Likitan dabbobi: Sunan ne ɗaya Baba. Ƙanwata, kafin komai ki tabbatar ƙwan ne. Ruwa a ciki ko ƙari duk suna sa kaza irin wannan tsayuwar. Ki sa safar hannu, ki shafa mai a yatsa, ki zura a hankali kamar santimita 3 zuwa 5. In kin ji abu mai tauri mai santsi, shi ne. Sai ki zaunar da ita a ruwan ɗumi, kamar wanda za a yi wa jariri wanka, ya rufe mata ciki, minti 15 zuwa 20. Ki tsane ta sarai, ki ba ta kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi da ɓawon ƙwai, ki ajiye ta ita kaɗai a wuri mai duhu da ɗumi.

Wani matashi: Likita, ni wankan nan ne ban gamsu da shi ba. Kazar da take fama da kanta a tsoma ta a ruwa? A bar kaza cikin gashinta mana.

Likitan dabbobi: Kana da gaskiya ta wani gefen. In ta kai ba ta iya tsayuwa, kada a jiƙa ta, ɗumin kawai za a ba ta. Kuma ni a wurina kalsiyam ya fi wankan aiki. Ƙwai kan ɗauki awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala, kusan awa 20 daga ciki ɓawo ake ginawa, kuma ɓawo ɗaya na cin kalsiyam kamar giram 2. Da wannan kalsiyam ɗin ne naman mahaifa yake matsawa ya turo ƙwai. In ɓawo ya cinye shi, ina ƙarfin naƙuda? Shi ya sa ake so kalsiyam ɗin da ke cikin abincin masu ƙwai ya kai kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari.

Hajiya mai kaji: Ga kuma ƙiba. Kazar da aka cika da hatsi zalla kitse ne ke toshe ta. Sagarar da ta fara ƙwai da wuri ma haka, balle in mai gwaiduwa biyu ne.

Mai tambaya: Na duba, na ji shi kusa da baki. Tana cikin ruwan yanzu. In bai fito ba, zuwa yaushe zan jira?

Likitan dabbobi: Ki sake wankan bayan awa 1. Ki lura ko tana kashi, don in ƙwan ya toshe hanya tana iya mutuwa cikin awa 24 zuwa 48, ga shi tun jiya ta fara. In yamma ta yi bai fito ba, ko kika ga jan nama ya leƙo waje, ki kai ta asibitin dabbobi, kuma kada ki maida ta cikin sauran, za su caccake wurin.

Dattijo: In kuma babu likita kusa fa? Ta zuba ido kazar ta mutu?

Hajiya mai kaji: In ta kai can Baba, gara wuƙa da matsa ciki.

Mai tambaya: Alhamdu lillahi, ya fito! Ƙato ne, ɓawonsa laushi kamar fata. Ta sha ruwa, amma ba ta taɓa abinci ba tukuna.

Dattijo: Madalla. Amma da kin ɗura man tun farko, da tuni an wuce wurin.