Wai Zamfara ta fi Imo aikin yi?

Kabiru Gusau: Jama'a ku taya ni duba wannan. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na ƙarshen 2020 ya ce marasa aikin yi a Imo sun kai kashi 56.6 cikin ɗari, a Zamfara kuwa kashi 13 kacal. Na 2023 ya sa Abiya a kan gaba da kashi 18.7, Nasarawa a can ƙasa da 0.5. To ina kukan da muke yi cewa matasan Arewa sun shekara da shekaru suna zaman kashe wando? Ni dai na ce 'yan Kudu sun fi mu daɗewa ba aiki, mu surutu ne ya yi mana yawa.

Malama Rabi: Malam Kabiru, fara tambayar wa ake kira marar aiki. Sai wanda bai yi aikin samun kuɗi ba ko na awa ɗaya a kwana bakwai da suka wuce, yana nema, kuma a shirye yake ya fara. Kafin a ce ya daɗe, sai ya cika wata 12 a haka. Nuna min magidanci ɗaya a Talata Mafara da zai yi wata 12 bai taɓa abin da zai kawo kuɗin cefane ba. Ranar kasuwa zai yi dako, jibi ya tura kurar ruwa, gata ya ari babur ya yi acaba. Kowanne ya yi, an goge shi daga lissafi, an koma ƙirga masa daga farko. Wanda ke iya zaman shekara yana jiran takardar ɗaukar aiki, akwai mai ci da shi.

Sani Lissafi: Malama, a nan kin haɗa biyu. Maganar awa ɗaya a 2023 ta shigo, ita ta sa alƙaluman rashin aiki na Najeriya baki ɗaya suka faɗo daga kashi 33.3 zuwa 4.1. Alƙaluman 2020 da tsohon ma'auni aka yi su, lokacin da duk wanda bai cika awa 20 a mako ba marar aiki ne. Kuma duk da haka Zamfara ta fito da 13.

Malama Rabi: Haka ne, Malam Sani. Amma buɗe shafi na gaba. A rahoton nan dai, masu guntun aiki, wato awa 20 zuwa 39, sun haura kashi 40 a Zamfara. Ba ɓacewa suka yi ba, wani layi aka kai su.

Issoufou Maraɗi: Ku bar ni in yi dariya. A ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, rashin aiki a Nijar bai kai kashi 1 ba, na Afirka ta Kudu ya haura 30. Kenan mu ne muka ji daɗi? Ana gama girbi ƙauyukanmu ke watsewa, samari su tafi ci-rani Kano, Agadas, wasu har Libiya. Mai yankan farce a Kano ma'aikaci ne a takarda. Wanda ya rage a gida wata bakwai yana jiran damina ba ya neman aiki, don ba inda zai nema, saboda haka shi ma ba a ƙirga shi.

Sani Lissafi: Ban ce ma'aunin ba shi da aibi ba. Amma in kowace ƙasa ta yanka nata, da me za a gwada Najeriya da Ghana? A Jamus mutum yana rajista a ofishin aiki don akwai kuɗin tallafi, ranar da ya shiga a rubuce take. Mu ba tallafi, ba rajista, sai ma'aikacin ƙididdiga ya tsaya a zaure ya tambayi mai gida, shi kuma ya amsa wa kowa, har matan da ke ciki.

Hajiya Asabe: Yauwa, ka zo wurin. Mai gida zai ce matarsa ba ta aiki, alhali ita ke soya ƙosai da ƙuli yara na kai talla. Wata kuma da NCE ɗinta ta gaji da nema ta haƙura, ita ma ba ta cikin marasa aiki.

Kabiru Gusau: Duk na ji. Amma ɗan Imo mai digiri da ya yi shekaru a gida, shi ma ai wahala yake sha. Kada mu mai da komai namu.

Malama Rabi: Ba wanda ya musa. Ina cewa ne abu biyu ake aunawa da mudu ɗaya. Hukumar nan ce a 2022 ta ce kashi 91 na mutanen Sakkwato na cikin talauci ta fuskoki da dama, Ondo kuwa 27. Ka ajiye wannan kusa da naka, Malam Kabiru, ka gaya min wanne gwamna zai ɗauka ya yi kasafi da shi.

Kabiru Gusau: Wanda ya fi yi masa daɗin faɗa a rediyo mana.