Zagayayyun ramukan mutanen da, me ake karewa a ciki?

Dan_Bincike: Salam 'yan uwa, tambaya gare ni. Na ga hoton wani waje a Jamus wai shi Goseck, rami ne kawai zagayayye da shingen itace, wai ya kai shekara kusan 7,000 kuma ana ta lallaɓa shi kamar ƙwai. Stonehenge na Ingila dai na gane, ga duwatsu nan kowa na gani, amma rami fa? Me ɓarawo zai ɗauka a rami?

Hajjo: Wa'alaikumus salam. Ai ba ɓarawo ake tsoro ba ƙanina, garma ake tsoro. Goseck ɗin a ƙarƙashin gona yake, an yi ta noma a kansa har ya shafe, sai a 1991 aka hango shi daga jirgin sama, saboda shukar da ke kan tsohon ramin ta fi ta gefe kore tunda ƙasar wurin ta fi riƙe danshi. Faɗinsa wajen mita 75, kuma biyu daga cikin ƙofofinsa an saita su daidai inda rana ke fitowa da inda take faɗuwa a yinin da ya fi gajarta a shekara. Shingen da ka gani sabo ne, a 2005 aka buɗe shi. Abin da ake karewa na cikin ƙasa, fasassun tukwane, ƙasusuwan shanu, gurbin da aka kafa itatuwa, da su ake gane shekarun wurin, kuma tarakta na yin huɗa mai zurfi ta dagula su shikenan ba gyara.

Mai_Nazari: Ba garma kaɗai ba. Thornborough a Ingila zagaye uku ne manya, shekara da shekaru ana haƙar tsakuwa a kewayensu mutane na ta ƙorafi, sai a 2023 biyu daga ciki suka koma hannun hukuma.

Baba_Tsoho: Ni na Newark a jihar Ohio ta Amurka ne ke ban mamaki wlh, filin golf aka yi a kansa tun 1910, sai da aka je har kotu, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a jerinta na wuraren tarihi na duniya a 2023 sannan masu golf suka tashi. Amma a ganina golf ɗin ne ya tsare shi, don wasu ganuwoyin da ke kusa gidaje da tituna sun cinye su tuntuni.

Dan_Bincike: Toh na gane Hajiya, na gode. Amma manomin da aka ce kar ya yi huɗa a gonarsa fa, wa zai biya shi?