Kwangilar kula da ɗakin saba a ma'aikatun tarayya: ta ina ake shiga?

Abban Khalifa: Salamu alaikum 'yan zaure. Mun yi wa kamfaninmu rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Aikinmu jan waya, haɗa netwok da kula da ɗakin saba, wato ɗakin manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanai. Muna so mu fara neman kwangilar ma'aikatun tarayya, wa zai ɗora mu a hanya?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Takardu tukuna: shaidar biyan haraji ta shekara uku, ta PenCom (hukumar fansho), ta ITF (asusun horar da ma'aikata), ta NSITF (asusun inshorar ma'aikata), da rajistar BPP (hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnati). Tunda harkar kwamfuta ce, za a tambaye ka ta CPN (hukumar rajistar ƙwararrun kwamfuta) da ta NITDA (hukumar bunƙasa fasahar zamani). Yawancinsu ranar 31 ga Disamba suke mutuwa, kada Janairu ta same ka kana barci.

Maman Ilham: Tallan kuma yana fitowa a Federal Tenders Journal da manyan jaridu.

Bazazzagi: Duk wannan ado ne. In ba ka da uwa a gindin murhu, ka ci tuwonka haka nan.

Injiniya: Ƙanena Abban Khalifa, samun aikin ba shi ne wahalar ba, fitar da kuɗinka ne. Mun taɓa cin kwangilar kula da ɗakin saba na wata hukuma, ba zan faɗi sunanta ba. A farkon 2023 muka ba da farashi da naira, yadda aka buƙata. Kafin takardar amincewa ta fito, an saki naira a watan Yuni, dala ta yi sama. Batiran UPS (na'urar riƙe wuta in an ɗauke), kayan gyaran na'urar sanyaya ɗaki, lasisin manhaja, duk da dala ake lissafinsu. Muka rubuta neman a sake duba farashi, aka ce babu wannan a yarjejeniya. Aikin kuma ba irin na fenti ba ne da za ka dakata. Ɗakin ya yi zafi cikin dare, kai za a kira, yaranka kuma albashi suke jira ƙarshen wata. Da bashi muka ƙarasa. Fayil ɗin biya ya yi ta yawo daga wannan tebur zuwa wancan, kullum "ba a saki kuɗi ba". Da aka biya, an zare haraji daga tushe, ragowar ko kuɗin ruwan banki bai rufe ba. Kafin ka sa hannu, ka tambaya ko aikin yana cikin kasafin bana, ko NITDA ta tantance shi, kuma wa zai sayi dizal.

Maman Ilham: Allah ya mayar da alheri, Injiniya. Ba su ba ku kuɗin somin aiki ba?

Injiniya: Amin Hajiya. Dokar kwangilolin gwamnati ta 2007 kashi 15 cikin ɗari ta ce, gyaran 2020 ya kai shi 30. Amma sai ka kawo lamunin banki ko na inshora, ƙaramin kamfani kuwa banki kadara zai nema.

Ɗan Fagge: Abban Khalifa, ni a ganina ka cire rai da kwangilar babbar cibiyar ajiye bayanai yanzu. Galaxy Backbone, kamfanin gwamnatin tarayya, na da nasa a Abuja da Kano, hukumomi da yawa can suke ajiya. Ka raɓi babban ɗan kwangila ya yanka maka ɓangare, ka tara takardun shaidar kammala aiki. Su ake dubawa wajen tantancewa.

Bazazzagi: Bakano ne ke cewa a raɓe shi? Kai da shi ku raba riba, ka tashi da kuɗin mota.

Ɗan Fagge: Zage-zagi dai a bar ku da digiri. Ciniki namu ne.

Admin: Don Allah a koma kan magana.

Maman Ilham: Abu ɗaya da aka manta: in akwai sayo kaya a ciki, sukan nemi wasiƙar izini daga kamfanin da ya ƙera su. Ka nema da wuri, ba ta fitowa a rana ɗaya.

Abban Khalifa: Na gode ƙwarai. To jihohi fa, ba su fi sauƙi ba?

Injiniya: Hmm.

Bazazzagi: Wai wa ke da batirin inbata na hannu mai kyau a Kaduna?