Neman kalma: in lauya ya kasa kare mutum, me za a kira abin da Hausa?

Tafinta: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙarfe 4 zan shiga situdiyo da rahoto kan kotunan Amurka. Akwai abin da suke kira ineffective assistance of counsel, hujjar da fursuna ke kawowa bayan an yanke masa hukunci, cewa lauyansa bai kare shi yadda ya kamata ba. Na rubuta "sakacin lauya". Ya yi?

Hajiya Malama: Ni dai "gazawar lauya" ta fi kwanta mini. Wani ba sakaci ya yi ba, aikin ne bai iya ba.

Ɗan Kotu: Hajiya ta fi kusa, amma da saura. Tun shari'ar Strickland da Washington a 1984, Kotun Ƙolin Amurka ta ce sai an nuna abu biyu: aikin lauyan ya gaza, kuma da ba don gazawar ba, da akwai yiwuwar hukuncin ya bambanta. Shi kansa Washington, fursunan da ya kawo ƙorafin, bai yi nasara ba, a shekarar aka zartar masa da hukuncin kisa a Fulorida. Sai a ce "gazawar lauya mai cutarwa". Kuma kada ka ce ɗaukaka ƙara kawai, galibi sabon ƙorafi ake shigarwa na neman sake duba hukunci.

Baba Mai Ƙamus: Kuna ta lauya, lauya. Hausa ce? Ku ce "raunin kāriya". Na daɗe ina amfani da ita.

Hajiya Malama: Baba, a rediyo wa zai ga wannan layin da ka ɗora kan a? Mai karatu ya yi tuntuɓen harshe, ka ji an kira sunan macen kare.

Baba Mai Ƙamus: Laifin mai karatu ne, 'yata. Larabawa ba su ari lauya ba, mu ne kullum da ƙoƙon bara.

Ɗan Kotu: Allah ya ja kwana, alƙali da shari'a da hukunci fa, daga ina muka samo su?

Baba Mai Ƙamus: Waɗannan sun kwana biyu, sun zama 'yan gida.

Tafinta: Jama'a, saura minti 40! Labarin Calvin Burdine ne na Tekzas, wanda lauyansa ya riƙa gyangyaɗi ana shari'ar kisa, har kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta amince a 2001 a sake shari'ar.

Hajiya Malama: To wannan kam sakaci ne tsagwaronsa, na janye.

Tafinta: Na sa "gazawar lauya" a kanu, bayanin Ɗan Kotu a ciki.

Baba Mai Ƙamus: Ku sa. Ni a ajina raunin kāriya zan ci gaba da koyarwa.